Amsoshin Wasiƙunku: Hadarin Gabas da Masu Fito a Tafkin Kainji

Yau wasiƙu biyu kaɗai za mu ɗauka, domin duka a kan magana guda suke, kuma magana ce ta rai, ba a yi mata gaggawa.

Ta farko ta fito ne daga Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, daga wani ɗan'uwa mai fataucin hatsi wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Bayan gaisuwa, ga abin da ya ce:

"Ran nan na ji a rediyo an ce za a yi ruwa da iska, na fasa ƙetarewa da masarata. Rana ta ƙwalle har magariba, ko ɗigo bai sauka ba, kasuwa ta wuce ni. Bayan mako biyu wayata ta nuna mini hoton rana tas, muka shiga jirgi, hadari ya rutsa mu a tsakiyar ruwa, sai da muka zubar da buhu shida kafin Allah ya fid da mu. Shin masu duban yanayin nan sun san abin da suke faɗa kuwa, ko ƙasa suke bugawa? Wa za mu bi?"

To, Malam, barka da arziki. Buhu shida ba ƙaramar asara ba ce, Allah ya mayar da alheri. Amma ka gode wa wanda ya fara cewa a zubar, domin da an tsaya jayayya a kan kaya, watakila da wani ne ya rubuto mana wannan wasiƙa a madadinka.

Ba ƙasa suke bugawa ba. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, wadda ake kira NiMet, tana da ma'aikata masu ilmi da na'urori, kuma hasashen da takan fitar a farkon kowace shekara, na lokacin faɗuwar damina da ɗaukewarta, abu ne da ya kamata kowane manomi ya saurara. Sai dai gaskiya ɗaya ce, faɗin ruwan gobe a ƙasashenmu masu zafi ya fi na Turai wuya nesa ba kusa ba. A can hadari yakan taso ne a shimfiɗe, ya rufe ƙasa guda, ana hangensa tun saura kwana uku. Namu kuwa tashi yake yi farat ɗaya. Rana ta dafa ƙasa, tururi ya hau sama, cikin awa ɗaya ko biyu gajimare ya yi toroƙo ya zama hadari. Ku manoma shaidu ne, sau nawa aka yi ruwa a gonar maƙwabci taka ko yayyafi ba ta samu ba? Ga kuma ƙarancin tasoshin awo a wannan nahiya tamu. A shekarar 2018 waɗansu masana a Jamus sun gwada manyan kwamfutocin duniya masu hasashen yanayi a kan ruwan arewacin Afirka mai zafi, watau yankinmu ke nan, suka tarar a wurare da yawa hasashen ruwan gobe bai fi a duba lissafin shekarun baya a ce ga yadda aka saba ba. Wannan hoton rana da wayarka ta nuna maka, yawanci daga irin waɗannan kwamfutoci yake fitowa. Babu wani mutum da ya leƙa sararin Wara ya zana shi.

Sa'an nan akwai rashin fahimta daga ɓangarenmu. In an ce akwai yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100, ma'anarsa ita ce a cikin kwana goma masu irin wannan kama, za a yi ruwa a shida, huɗu ba za a yi ba. Ranar da ka fasa tafiya, cikin huɗun nan ka faɗa. Kuma sanarwar da mukan karanta muku ta jiha guda ce ko ta yanki guda. In an yi ruwa a Zuru ba a yi a Wara ba, mai hasashe bai yi ƙarya ba, kai ma ba ka yi ƙarya ba.

Saboda haka ga yadda ni nake ɗaukar abin. Sanarwar rediyo tana gaya maka irin ranar da za ka shiga, ko mai hatsari ce ko mai sauƙi. Amma sa'ar da za ka sa ƙafa cikin jirgi, wannan ba rediyo ke faɗa ba, gabas ke faɗa. In rediyo ta ce akwai iska, ka ɗauka da gaske. In ta ce babu, kada ka ɗauka an ba ka takardar izni.

Me ya sa na ce gabas? Bari in ɗan koma malamin makaranta, tunda alli na fara riƙewa kafin in zo gaban makirfo. Da damina iskar da ke kaɗawa a nan ƙasa, wadda ke taɓa fuskarka, daga kudu maso yamma take zuwa, daga teku, ita ke ɗauko mana laima. Amma can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, ita ce ke jan hadari. Shi ya sa kakanninmu ba su taɓa damuwa da hadarin yamma ba, na gabas suke tattara wa shanya. To a nan ne baƙon ruwa yake ruɗuwa. Ya ga gabas ta yi baƙi, amma ya ji iska tana busowa daga yamma tana nufar hadarin, sai ya ce ai iska na kora shi, mu tafi. Ba kora shi take yi ba, ciyar da shi take yi. Hadarin zuƙar ta yake yi yana ƙara ƙiba, yana kuma tahowa. Can sai ka ji iskar ta ɗauke ɗif, ruwa ya kwanta kamar an shafa masa mai, zafi ya dame ka. Wannan shirun shi ne sallama ta ƙarshe. Abin da ke biye da shi iska ce mai sanyi daga gabas, wani lokaci da holoƙo, kuma ita ke riga ruwan sama isowa. Mutane suna tsoron jiƙewa, alhali ba ruwan sama ke kifar da jirgi ba, wannan iskar ta gaba ce.

Yanzu mu yi lissafi, irin na 'yan aji biyar. Irin wannan jerin hadari yakan yi tafiyar kilomita 50 a awa guda, wani ma ya fi. Tafkin Kainji, tun da aka gama dam a shekarar 1968 ruwa ya taru, tsawonsa daga bakin dam zuwa wajen Yawuri ya haura kilomita 130, faɗinsa kuwa a inda ya fi buɗewa ya kai wajen kilomita 24. Ƙarar tsawa ba kasafai ake jinta daga nesan da ya wuce kilomita 15 ko 20 ba. Watau daga lokacin da kunnenka ya ji cida, abin da ya rage maka wajen minti ashirin ne. Malam, kai ka san jirgin da kuka shiga, ka san lodin da aka yi masa. A cikin minti ashirin ina zai kai ku? In kun yi rabin hanya a wuri mai faɗi, gaba nesa, baya nesa. Babu injin da zai tsere wa hadari da buhu hamsin a cikinsa. Shi ya sa shawarar duka a kan tudu ake yanke ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kana son ka san nisan hadari, ga dabara mai sauƙi. Da ka ga walƙiya fara ƙirga, ɗaya, biyu, uku, a natse, har ka ji tsawar. Kowane ƙirge uku kilomita ɗaya ne. In ka ƙirga talatin, yana kilomita goma. In walƙiya ta gaba ka ƙirga ashirin, to ka san ba wucewa yake yi ba.

Akwai wani abu game da shimfiɗar tafkin nan da ya kamata fatake su riƙe. Tafkin a miƙe yake daga arewa zuwa kudu, hadari kuwa ƙetare shi yake yi daga gabas zuwa yamma. Wanda ya taso daga Shagunu ya nufi Wara, hadarin yana gabansa, yana kallonsa. Amma wanda ya taso daga Wara ya nufi ɓangaren Borgu, hadarin a ƙeyarsa yake. Matuƙi yana kallon gaba, fasinjoji suna kallon gaba, gaban kuwa fari fat, rana na haskawa. Sai an ji sanyi a wuya a waiwaya. Don haka in kun nufi yamma, a sa yaron jirgi ya zauna yana fuskantar baya, aikinsa ke nan. Kuma ku sani igiyar ruwa girma take yi gwargwadon filin da iska ta samu ta tura ta. A gaɓar Wara kana iya ganin ruwa yana ɗan motsi ka raina shi, amma kafin wannan iskar ta kai shi ɗaya gaɓar ya zama raƙuma.

Na taɓa ganin wannan da idona, lokacin ina koyarwa a wata firamare a bakin tafkin. Mun taru a mashigi da la'asar, jirgi ya cika, an biya kuɗin fito, sai wani dattijo Basarke da ke gyaran koma a gefe ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce wa matuƙin, "Yaro, ɗaure jirginka." Ni dai ban ga komai ba sai wani ɗan farin gajimare mai kai kamar naman kaza, can ƙasa-ƙasa. Mutane suka yi ta gunaguni, har da ni, domin ina da takardun jarrabawa da zan kai. Matuƙin ya ji maganar babba ya ɗaure. Ba mu yi awa guda ba sai ga rumfunan mashigin suna tashi sama. Tun daga ranar ban ƙara yi wa mai furfura gardama a bakin ruwa ba. Abin da ya gani, daga baya na karanta shi a littafi: in gajimare ya yi tsawo har kansa ya baje ya yi faɗi, ya riga ya nuna, hadari ne cikakke ko da gindinsa bai yi baƙi ba tukuna.

Ga kuma wata dabara da kakanninmu ba su samu ba, ku kun samu. Wayar nan da ta yaudare ka da hoton rana, tana da amfanin da ya fi wannan. Tunda hadari daga gabas yake tahowa, wanda ke gabas da kai ya riga ka ganinsa. Kontagora tana gabas da tafkin, tazarar da hadari zai ci cikin kamar awa biyu. Wane bafatake ne ba shi da abokin ciniki a Kontagora? Kafin a fara lodi buga masa, ka ce yaya garinku. In ya ce ga shi nan ana tattara kaya iska ta taso, to ka san abin da ke hanya. Ban ce kowane hadari sai ya biyo ta can ba, wani a kanku zai haɗu, wani ya mutu a hanya. Amma kiran minti ɗaya ne. Da ƙungiyoyin masu jirage za su mai da shi al'ada, a sami mutum guda a kowane mashigi mai karɓar irin wannan labari yana sanar da sarkin jirgi, da an rage kuka.

Lokaci ma yana da magana. Yawancin hadarin nan da rana yake haɗuwa, bayan azahar, sau da yawa a kan tuddai irin na Jos, sa'an nan ya kamo hanyar yamma ya iso mana da maraice ko cikin dare. Safiya ta fi aminci, ko da yake ba a rantsuwa a kanta. Matsalar ita ce kasuwa ba ta san wannan ba. Ana zuwa da safe jirgi sakayau, a komo da yamma jirgi ya nutse har baki, daidai lokacin da hadari ke yawo. Kuma ku lura, hadarin farkon damina da na ƙarshenta sun fi na tsakiya mugunta. Ruwan marka yakan zo a hankali ya daɗe yana zuba. Na bazara da na kaka su ne masu fushi, masu yaye rufi.

A Kainji farkon damina yana da wani sharri na biyu. Lokacin ne ruwan tafkin yake ja baya, domin baƙin ruwan da ke zuwa daga ƙasar Gini da sanyi ya riga ya wuce, farin ruwa kuma bai iso ba sai wajen watan Agusta zuwa Satumba. Tsakanin cikarsa da raguwarsa akwai mita kusan goma. Da aka tare kogin, garuruwa da gonaki da dazuzzuka ne suka nutse, har da tsohon garin Busa, aka tashi mutum fiye da 40,000. Itatuwan ba duka aka sare ba. Kututtukan suna nan a tsaye a ƙarƙashi, ruwa ya hana su ruɓewa. Ran da ruwa ke kwance matuƙi ya san hanyarsa, yana kauce musu. Ran da iska ta kwashe shi daga hanya, igiya ta ɗaga jirgi ta saki, a kan me zai sauka? Haka ta faru a ruwan Shiroro a farkon watan Mayu na 2021, jirgin 'yan kasuwa masu komowa gida ya daki kututture cikin iska ya rabe biyu, aka rasa wajen mutum 30. A ƙarshen wannan watan kuma, ranar 26, ku mutanen Wara ba sai an tuna muku ba. Jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, waɗanda aka ceto da rai ashirin ne da 'yan kai. Wannan na lodi ne da tsufan jirgi, kamar yadda hukumomi suka faɗa. Allah ya jiƙansu. Na kawo shi ne don ku gane, jirgin da ya sha kaya har ruwa na lasar bakinsa ba ya bukatar babban hadari, 'yar iska kaɗan ta ishe shi.

In kuwa duk da haka ya rutsa ku, to a manta da inda aka nufa, a nufi tudun da ya fi kusa, ko bayan tsibiri inda iska ba ta bugu. A yaye tamfal ɗin rufi tun da wuri, domin iska kama shi take yi ta kwantar da jirgi. Kowa ya sauka ya zauna a ƙasan jirgi, a naɗe laima, kada a ruga gefe guda don gudun feshin ruwa. Matuƙi ya rage wuta amma kada ya kashe inji, ya ba igiya goshin jirgi a ɗan karkace, kada ya ba ta haƙarƙari. Masu ƙarfi su kama kwarfar ruwa. Kaya kuwa, ka riga ka san hukuncinsu, Malam.

Wasiƙa ta biyu gajeruwa ce, daga wata baiwar Allah mai sayar da bandar kifi a Yawuri. Ta ce ita tana gane hadari sarai, mahaifinta masunci ne, amma in ta yi magana a jirgi sai a ce mace ce mai tsoro, ko a ce mata in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi. Ta ce yaya za ta yi.

Hajiya, gaskiyarki. Masu wannan magana kuwa, na lura ba sa faɗinta in za su ƙetare titi, sai sun duba hagu da dama. Da dare kuma suna kulle shagunansu. Ashe sun san dogara ga Allah ba ta hana ɗaure akuya. A ruwa ne kaɗai jarumtar take tashi, domin an riga an biya kuɗin fito, kuma kowa na jin kunyar ya zama shi ne ya fara sauka.

To ki zama ke ce. Ki sauke kwandonki tun jirgi na ɗaure. Sau da yawa rabin mutanen cikin jirgin zuciyarsu na ɗar-ɗar, jira suke wani ya fara. In matuƙi ya ƙi mayar miki da kuɗi, ki kai magana wurin sarkin jirgi ko shugaban ƙungiyarsu, amma ko ba a mayar ba, kifin banda ba ya lalacewa don ya ƙara kwana guda. Kuma doka tana bayanki. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, ta hana tafiyar dare, ta hana lodin da ya wuce ƙima, ta kuma wajabta wa kowane fasinja sa rigar kariya. Wanda ya ga abin da ya faru a Gbajibo ta ƙasar Mokwa a daren 1 ga Oktoba 2024, inda jirgi maƙil da mata da yara 'yan bikin Mauludi ya kife cikin duhu, ba zai ce dokar nan ta takura ba ce.

Maganar rigar, na san abin da ake faɗa: tana da zafi, tana da datti, wani ya sa ta. In da hali ki sayi taki, ki riƙa tafiya da ita kamar yadda kike tafiya da lalitarki, tunda ruwan nan shi ne hanyar abincinki. A sa ta a ɗaure tun kan tudu. Wadda aka zauna a kanta ko aka cusa ƙarƙashin benci ba ta ceton kowa. Ku mata abin ya fi shafa, domin zane da hijabi in sun sha ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafa, ga goyo a baya. Maza masu babbar riga su ma su tuɓe ta su riƙe a hannu. Kada kuma wanda ya iya iyo ya ruɗi kansa, iyo a bakin gaɓa daban, iyo a cikin raƙuman ruwa da mutum goma suna riƙo da wuyanka daban. In babu riga sam, jarka wadda ba kome a ciki, an murɗe murfinta tam, a ɗaura mata igiya a ajiye kusa da ƙafa, ta fi babu. In jirgi ya kife bai nutse ba, a riƙe shi, kada a saki a ce za a kai gaɓa. Masu ceto jirgi suke hangowa daga nesa, ba sa hango kan mutum.

Sauran wasiƙun da suka iso, har da ta ɗan'uwanmu na Shanga mai tambaya kan tsutsar da ke cin masara, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.